Yadda Itacen Ok Ya Sake Mamaye Turai Bayan Zamanin Ƙanƙara

Kimanin shekara 21,000 da suka wuce, ƙanƙara mai kauri ta lulluɓe Sikandinebiya da mafi yawan Birtaniya, ta gangaro har arewacin Jamus da Poland. Abin da ya rage a kudu da ita fili ne mai sanyi da bushewa, sai ciyawa da gajerun tsirrai. Itacen ok, wanda Turawa suka daɗe suna ƙera jiragen ruwa da rufin manyan gine-gine da katakonsa, ba shi da wurin zama a nan. Ga shi yau ana samunsa tun daga Portugal har kudancin Finland. Ina ya fake, kuma ta wace hanya ya dawo? Masana sun shafe fiye da shekara ɗari suna haɗa amsar.

Wanda ya fara tono matsalar shi ne Clement Reid, masanin duwatsu ɗan Birtaniya, a 1899. Ƙwallon ok yana da nauyi, gindin uwarsa yake faɗuwa, sannan itacen kan yi shekaru masu yawa kafin ya soma 'ya'ya. Da Reid ya yi lissafi, sai ya ga in da haka kaɗai itacen ke yaɗuwa, sai ya ci kusan shekara miliyan ɗaya kafin ya kai arewacin Birtaniya, alhali ƙanƙarar ba ta daɗe haka da janyewa ba. Ya zargi tsuntsaye da ɗaukar irin, amma hujja ta yi ƙaranci.

Hujjar farko ta fito ne daga laka. A 1916 Lennart von Post ɗan Sweden ya nuna cewa garin fure da ke nutsewa a ƙasan tafkuna da fadamu yana ajiyuwa hawa-hawa na dubban shekaru, ana iya gane irin itatuwan kowane zamani daga gare shi. A 1983 Brian Huntley da John Birks suka tattara irin waɗannan bayanai suka zana taswirorin Turai. Hoton ya fito sarari: ok ya tsira a yankuna uku na kudu, wato Sifaniya da Portugal, da Italiya, da yankin Balkan. Ya soma motsi da ɗumi ya kankama, sanyi ya komo kimanin shekara 12,900 da suka wuce ya tsayar da shi fiye da shekara dubu, sannan daga shekara 11,700 baya ya nausa arewa da saurin ɗaruruwan mita a shekara. Sai dai garin fure bai iya faɗin daga wace mafaka itatuwan wani daji suka fito ba.

A nan ne ƙwayoyin gado suka shigo. A cikin ganye akwai wasu ƙanƙanan korayen ƙwayoyi, kuloroflas, masu nasu DNA daban. A 1995 masu bincike a Faransa suka tabbatar cewa a itacen ok wannan DNA ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa. Iska na iya kwasar garin fure ta kai shi nesa, amma wannan alama ta DNA ba ta zuwa ko'ina sai inda ƙwallo ya je ya tsira. Kuma a hankali take sauyawa. Tamkar salsalar dangi ce da ake bi ta wajen uwa, kaka da kakanni.

Rémy Petit da Antoine Kremer na cibiyar binciken noma ta Faransa, INRA, suna cikin jagororin babban aikin da ya biyo baya. Ɗakunan bincike 16 suka haɗa hannu, suka duba itatuwa fiye da 12,000 daga wurare 2,613, aka buga sakamakon a 2002. Sun sami nau'i 32 na wannan alama, da suka kasu zuriya shida. Zuriyar Sifaniya ta bi gaɓar tekun Atlantika ta Faransa ta shiga Birtaniya, wadda a lokacin take haɗe da sauran Turai ta tudu. Kusan duk itatuwan ok na asali a Birtaniya nata ne. Ta Italiya ta wuce tsaunukan Alps ta haura Jamus har Sikandinebiya. Ta Balkan ta bazu tsakiya da gabashin nahiyar.

Binciken ƙwayoyin gado ya kuma taimaka wajen warware damuwar Reid. A yammacin Faransa an tarar da dazuzzuka masu faɗin gomman kilomita duk alamarsu ɗaya, maƙwabtansu kuma da wata daban. Ma'ana, jefi-jefi wani ƙwallo kan yi tsalle mai nisa gaba da sauran, ya tsira, jikokinsa su cike yankin kafin wasu su iso. Ana ganin babban mai ɗaukar kayan shi ne wani tsuntsu dangin hankaka da ke binne dubban ƙwallaye kowace kaka don ajiya, ya manta da wasu. An kuma ga cewa jinsunan ok daban-daban da ke daji ɗaya kan ɗauki alama ɗaya, shaidar cewa suna barbarar juna, har wani jinsin ya bi sawun wanda ya riga shi ta hanyar garin fure.

Yau wannan taswira tana aiki. Da ita ake gane dajin da aka dasa da baƙon iri, kuma irin waɗannan alamomi na taimaka wa masu binciken katakon da aka sare ba bisa ƙa'ida ba. Ta kuma nuna cewa zuriyoyin da ba su taɓa barin kudu ba suna zaune ne a yankunan da fari da zafi ke ƙaruwa. Wancan karon ok ya sami dubban shekaru da fili buɗaɗɗe. Yanzu gonaki da birane da tituna sun datse hanya, yanayi kuma na sauyawa cikin ɗan lokaci. Saboda haka kare dazuzzukan kudu, da zaɓar irin dashe bisa sanin asalinsa, nauyi ne da ya hau wuyan mutane, ba za a bar wa tsuntsaye shi ba.