Samsung da Gidan Lee

A shekarar 1938, lokacin Koriya na hannun Japan, Lee Byung-chul ya buɗe ɗan kamfanin fatauci a garin Daegu, ya raɗa masa suna Samsung. Hajarsa busasshen kifi ne da kayan lambu da taliya. Yaƙin Koriya ya wargaza harkar, amma da ƙura ta lafa sai ya kafa masana'antar sukari a 1953, ya bi ta da masaƙar ulu a 1954. A 1969 aka kafa Samsung Electronics, wanda ya fara da talabijin mai hoto baƙi da fari.

Babbar kasadar ta zo a 1983, da dattijon ya zuba dukiya a ƙera ƙwaƙwalwar ajiya ta kwamfuta, fagen da Amurka da Japan suka riga suka mamaye. Ya rasu a 1987, ɗansa na uku Lee Kun-hee ya gaje shi, duk da al'adar ƙasar ta fifita babban ɗa. Kun-hee mutum ne mai zafi a kan inganci. A 1995 ya sa aka tara wayoyi da na'urori kusan 150,000 masu tangarɗa a masana'antar Gumi, aka farfasa su, aka banka musu wuta a gaban ma'aikata.

Abin lura shi ne hannun jarin iyalin na kai tsaye a Samsung Electronics bai taka kara ya karya ba. Ikonsu a sarƙe yake: suna riƙe da Samsung C&T, shi yana da kaso a kamfanin inshora na Samsung Life, shi kuma yana da kaso mai tsoka a Electronics. A ganina, daga nan yawancin rigingimunsu da kotu suka samo asali, domin miƙa irin wannan mulki ga ɗa ba ya yiwuwa cikin sauƙi. Sau biyu aka samu Lee Kun-hee da laifi, sau biyu aka yi masa afuwa. Ɗansa Lee Jae-yong ya shiga kurkuku a 2017 kan badaƙalar cin hanci da ta yi awon gaba da shugabar ƙasar, Park Geun-hye.

Da uban ya rasu a 2020, harajin gado ya haura tiriliyan 12 na kuɗin won. An yi wa Jae-yong afuwa a 2022, ya zama shugaban Samsung Electronics, bayan ya riga ya shaida wa duniya cewa ba zai gadar wa 'ya'yansa kujerar ba.