Jami'ar Houston da Kofin da Ya Ƙi Shiga Hannu

A Amurka, idan watan Maris ya kama, hankalin masoya wasanni yakan koma kan ƙwallon kwando ta jami'o'i. Ƙungiyoyi 68 ne ke shiga babbar gasar NCAA, kuma wasan sili ɗaya ƙwale ake yi: wanda aka doke sau ɗaya sai ya tattara komatsansa ya koma gida. A tarihin wannan gasa, ƙungiyar Cougars ta Jami'ar Houston da ke jihar Texas tana riƙe da wani kambun da babu mai so. Sau 7 tana kaiwa zagayen kusa da na ƙarshe, sau 3 tana buga wasan ƙarshe, amma har zuwa gasar 2025 ba ta taɓa ɗaga kofin ba. A cikin jami'o'in da ba su taɓa cin kofi ba, babu wadda ta kai wannan zagaye sau da yawa kamarta.

Mutumin da ya kafa sunan ƙungiyar shi ne Guy Lewis. Ya buga mata wasa tun farkon kafuwarta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ya zama kocinta daga 1956 zuwa 1986, ya ci wasanni 592. An san shi da wani tawul mai ɗigon ja da fari da ba ya rabuwa da shi a gefen fili. Amma abin da ya fi tawul ɗin muhimmanci shi ne shawarar da ya yanke a 1964. A lokacin yawancin manyan jami'o'in kudancin Amurka ba sa saka baƙar fata a ƙungiyoyinsu. Lewis ya tsallaka zuwa jihar Louisiana ya ɗauko samari biyu baƙaƙe, Elvin Hayes da Don Chaney. Cikin shekara uku Houston ta kai zagayen kusa da na ƙarshe a karon farko.

Ranar 20 ga Janairu, 1968, aka yi karawar da Amurkawa suka laƙaba wa suna wasan ƙarni. Jami'ar UCLA ta zo Houston bayan ta ci wasanni 47 a jere, tana tunƙaho da dogon ɗan wasanta Lew Alcindor, wanda daga baya ya Musulunta ya zama Kareem Abdul-Jabbar. Maimakon ƙaramin zauren wasa, sai aka shimfiɗa filin katako a tsakiyar katafaren ginin Astrodome, mutum 52,693 suka shiga kallo, sauran jama'ar ƙasa kuma suka zura ido a talabijin. Hayes shi kaɗai ya ci maki 39, Houston ta yi nasara da 71 da 69. Daga wannan dare ne gidajen talabijin suka tabbatar akwai kuɗi a wasan ɗalibai. Sai dai murna ba ta daɗe ba, domin da suka sake haɗuwa a gasar NCAA a watan Maris, UCLA ta rama da ci 101 da 69.

Zamani na biyu na ɗaukakar Houston da ɗan Najeriya aka yi shi. Hakeem Olajuwon haifaffen Legas ne, kuma tun yana yaro ƙwallon hannu da tsaron raga a ƙwallon ƙafa ya sa a gaba. A wani bikin wasanni na makarantun horar da malamai da aka yi a Sakkwato ne aka fara saka shi cikin tawagar ƙwallon kwando ta makarantarsu. A 1980 ya sauka Houston, ga tsawo ga zafin nama amma babu ƙwarewa. Ya goge ne a lokutan hutu, inda yake karawa da Moses Malone, gwarzon ƙungiyar ƙwararru ta Houston Rockets na wancan lokaci, a zauren wasa na Fonde da ke cikin birnin.

Da Olajuwon ya haɗu da Clyde Drexler da Michael Young da Larry Micheaux, sai aka samu tawagar da 'yan jarida suka kira Phi Slama Jama. Salonsu gudu ne da tsalle da danna ƙwallo cikin kwando da ƙarfin tsiya, abin da dokar gasar jami'o'i ta haramta daga 1967 zuwa 1976. Lewis yana ganin babu jifan da ya kai wannan tabbas, don haka ya sakar wa yaransa mara. Shekara uku a jere, 1982 da 1983 da 1984, suna kaiwa zagayen kusa da na ƙarshe.

Na 1983 ne ya fi ciwo. Houston ta isa wasan ƙarshe a Albuquerque da nasara 26 a jere, kowa ya sallama mata kofi. Jami'ar NC State, wadda ta sha kashi sau 10 a kakar, ta ja wasan a hankali har aka zo daƙiƙun ƙarshe ana 52 da 52. Dereck Whittenburg ya yi jifa daga nesa, ƙwallo ba ta kai kwando ba, Lorenzo Charles ya cafe ta a sama ya danna, lokaci ya cika. Duk da haka Olajuwon aka zaɓa gwarzon gasar. A 1984 kuma Georgetown ta Patrick Ewing ta doke su 84 da 75. A shekarar ne Rockets ta ɗauki Olajuwon a matsayin zaɓi na farko a gasar ƙwararru ta NBA, gaban Michael Jordan, kuma a can ya ci kofi a 1994 da 1995.

Bayan Lewis ya ajiye aiki, ƙungiyar ta shiga dogon fari. Rukunin gasar da take ciki, Southwest Conference, ya watse a 1996, manyan jami'o'in Texas suka shiga rukunin Big 12 aka bar ta a baya. An gwada kociya iri-iri, har da Drexler da kansa, wanda ya ci wasa 19 ya sha kashi 39 cikin shekara biyu. Daga 1984 zuwa 2018 Houston ba ta ci wasa ko ɗaya ba a gasar NCAA.

A 2014 jami'ar ta ɗauko Kelvin Sampson, ɗan ƙabilar Lumbee ta 'yan asalin Amurka. Ya bar Jami'ar Indiana a 2008 bayan an same shi da karya dokar kiran waya ga ɗaliban da ake zawarci, ya yi shekaru yana mataimakin koci a NBA. A Houston ya tarar da tsohon zaure da kujeru babu kowa, kakarsa ta farko kuma ya ci wasa 13 ya faɗi 19. Ya matsa a gina wurin atisaye, attajiri Tilman Fertitta ya ba da dala miliyan 20 aka sabunta zauren, aka buɗe shi a 2018 da sunansa. Salon Sampson ya yi hannun riga da na Lewis. Ba ya neman burgewa. Yaransa suna matse abokin karawa har ya rasa inda zai jefa ƙwallo, suna kokawar kwaso duk wadda ta bugi baki ta dawo, kuma yawancinsu sukan zauna shekara uku ko huɗu suna koyon tsarin. Da haka ya kai su zagayen kusa da na ƙarshe a 2021, ya shiga da su Big 12 a 2023, suka kuma zama zakarun rukunin a kakarsu ta farko da ta biyu.

A 2025, a zagayen kusa da na ƙarshe a birnin San Antonio, Jami'ar Duke ta ba su ratar maki 14, suka farfaɗo suka ci 70 da 67. A wasan ƙarshe su ne suka ba Florida ratar maki 12, sai ta kamo su. Ana saura daƙiƙu ƙwallo tana hannun Houston, amma ko jifa ba ta samu yi ba. Aka tashi 65 da 63, ratar maki biyu kamar na 1983.

Abin da ke gaba ya rataya a kan abu biyu. Na farko kuɗi ne. Tun 2021 an halatta wa ɗalibai karɓar kuɗin talla da sunansu, an kuma sauƙaƙa musu sauya jami'a, sannan sulhun da kotu ta amince da shi a 2025 ya ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Tsarin da ya dogara ga riƙe yaro shekara huɗu zai sha gwaji a kasuwar da kowane ƙwararre ke samun tayi duk ƙarshen kaka, kuma Houston ba ta kai Jami'ar Texas ko Kansas yawan attajiran magoya baya ba.

Na biyu gado ne. An haifi Sampson a 1955, kuma jami'ar ta riga ta ayyana ɗansa Kellen, wanda yake mataimakinsa tun 2014, a matsayin mai jiran kujera. Lokacin da Lewis ya tafi a 1986 babu irin wannan shiri, babu ginin zamani, babu babban rukuni mai kuɗin talabijin. Yanzu Houston tana da duka ukun, shi ya sa ake ganin da wuya ta sake faɗawa irin farin da ta yi na shekara 34.