Helikwafta mai rimot: wanne ya dace da mai koyo?

Helikwafta mai rimot ƙaramin jirgi ne mai saukar ungulu da ake sarrafawa daga ƙasa. Wani injiniya Bajamushe, Dieter Schlüter, shi ne ya fara samun nasarar tashi da irinsa yadda ya kamata a wajajen 1970. A yau yawancin masu araha daga China suke zuwa, kuma da batir suke aiki. Tuƙinsa ya fi na jirgi maras matuƙi mai farfela huɗu wuya nesa ba kusa ba. Saboda haka jirgin farko zai sha faɗuwa, kuma da wannan a zuciya ya kamata a shiga kasuwa.

Abu na farko da za a duba a jikin kwali shi ne lambar da ke nuna yawan umarnin da jirgin ke karɓa: 3CH, 4CH ko 6CH. Mai uku yana hawa da sauka, yana juyawa, yana gaba da baya, amma ba ya karkata gefe. Galibi yana da farfela biyu, ɗaya bisa ɗaya, suna juyi a saɓanin juna, shi ya sa yake tsayawa cak a iska ko an saki hannu. Syma S107G ne fitacce a wannan rukuni: bai kai giram 50 ba, kuma caji ɗaya ba ya kai minti goma. Aibinsa shi ne rimot ɗinsa irin na talabijin ne, da haske yake aika umarni, kuma rana tana rikita shi. A tsakar gida a Kano ko Maraɗi da hantsi, jirgin zai daina jin magana. Na falo ne da yara.

Wanda yake son koyon tuƙi na gaskiya, mai huɗu ya fi dacewa da shi. Farfela ɗaya gare shi a sama da wata ƙarama a wutsiya, yana karkata dama da hagu, kuma da zangon rediyo na 2.4GHz yake aiki, wanda rana ba ta shafarsa. WLtoys V911 ya yi suna a nan. Ba ya tsayawa da kansa kamar na farko, dole yatsu su riƙa yi masa gyara kowane lokaci, kuma wannan gyaran shi ne ainihin darasin. Idan zai faɗi, a sauke totur gaba ɗaya; sau da yawa ana ɗaukarsa a kaɗe ƙura a ci gaba.

Mai shida kuwa fikafikansa suna sauya kwana, har yana iya tashi a kife. Manyansa, irin su Align T-Rex, ba abin wasa ba ne. A watan Satumban 2013, wani matashi ɗan shekara 19 ya rasu a Brooklyn ta birnin New York bayan farfelar jirginsa ta sare shi a ka, alhali ƙwararre ne. Mai koyo ya bar su sai hannu ya faɗa.

Kafin a biya kuɗi, a tambayi kayan gyara: fikafikai, giya, ƙafafun sauka, injin wutsiya da ƙarin batir. Jirgin da ba a samun safayarsa, faɗuwar farko ce ƙarshensa, komai kyan fentinsa. Batirin kuma na litiyam ne, yana iya kumbura ko ya kama da wuta. Ba a barinsa a mota cikin rana, ba a yi masa caji a kan katifa, kuma wanda ya kumbura ya gama aiki. Ƙurar hunturu tana cin giya, iskarta kuma tana iya kwashe ƙaramin jirgi ta tsallake katanga da shi, don haka sanyin safiya kafin iska ta taso ya fi.

Sai batun doka, wanda a Najeriya ba ƙarami ba ne. A watan Mayun 2016, hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta hana tashi da jirage marasa matuƙa ba tare da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba. A watan Janairun 2025 kuma, rundunar Operation Hadin Kai ta haramta amfani da su a Arewa maso Gabas. Jami'in da ke bakin shinge ba lallai ne ya tsaya bambanta abin wasa da na leƙen asiri ba. Mai koyo ya nisanci filin jirgin sama, barikin soja, gidan gwamnati da taron jama'a, ya fara daga ɗaki mai faɗi, a kashe fanka, wutsiyar jirgin tana fuskantarsa, yana ɗaga shi bai wuce tsayin ƙugu ba.