Tarihin Ƙungiyar Baobab da Gaurayar Kiɗan Kyuba da Waƙar Gado a Dakar

Kiɗan ƙasar Kyuba ya shigo Afirka ta Yamma ne ta bakin teku, a hannun ma'aikatan jiragen ruwa da kuma cikin fayafayan garmaho masu lambar GV, waɗanda kamfanin EMI na Ingila ya fara fitarwa a 1933. Salon da ya fi samun karɓuwa shi ne wanda ake kira son, wanda ya tsiro a gabashin Kyuba, inda jita da tsarin baitocin Sifaniyawa suka haɗu da ganguna da amshi irin na bayin da aka kwaso daga Afirka, shi ya sa mutanen Dakar ba su ji shi baƙo ba. Lokacin da Senegal ta sami 'yancin kai a 1960, ƙungiyar Star Band ta Ibra Kassé tana kaɗa wannan salo a gidan rawa mai suna Miami da ke Dakar, mawaƙanta kuma sukan rera shi da Sifaniyanci, harshen da akasarin masu sauraro ba sa ji.

A 1970 aka buɗe gidan rawa na Baobab domin manyan gari, aka janyo wasu makaɗan Star Band, sabuwar ƙungiyar da suka kafa kuma ta ɗauki sunan gidan. Abin da ya bambanta ta shi ne ta riƙe taken Kyuba amma ta ɗora masa waƙoƙin gida. Balla Sidibé da Rudy Gomis sun zo da waƙoƙin yankin Kasamans na kudancin ƙasar, Barthélémy Attisso, ɗalibin shari'a daga Togo, ya riƙe jita, shi kuwa Laye Mboup ya kawo muryar gewel, wato mawaƙin gado na Wolof mai yabon manya da jero asalinsu, wanda matsayinsa ya yi kama da na makaɗan fada a ƙasar Kabi, irin su Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri. Da shigowarsa harshen Wolof ya sami gindin zama a dandalin da Sifaniyanci ya mamaye, ko da yake ya rasu a haɗarin mota a 1975.

Ƙofar da Baobab ta buɗe ita ce ta jawo mata koma baya, domin matasa irin su Youssou N'Dour sun ƙara gaba, suka gina salon mbalax a kan gangunan sabar da tama, ganga mai tsarkiya 'yar uwar kalangu, har kasuwar ƙungiyar ta mutu, ta watse a 1987. Sake fitar da faifansu na 1982, Pirates Choice, da kamfanin World Circuit na Landan ya yi, shi ya sa suka sake haɗuwa a 2001, kuma a faifan Specialist in All Styles na 2002 mawaƙin Kyuba Ibrahim Ferrer ya rera tare da su, Youssou N'Dour kuma yana cikin waɗanda suka shirya faifan.