Yadda kifi ke hayayyafa a ruwayen Katsina

Akasarin kifin da masunta ke kamawa a madatsun ruwa na jihar Katsina, kamar Ajiwa da Jibiya da Zobe, yana da lokacin da yake zuba ƙwai, kuma damina ce ke tsara wannan lokaci.

A yankin birnin Katsina ruwan sama kan sauka ne daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, inda ya fi ƙarfi a watan Agusta.

Da zarar ruwa ya ƙaru ya malala cikin ciyayin bakin gaɓa, sai kifayen da suka riƙa su kama hanyar wuraren da ba su da zurfi.

Dalili kuwa shi ne a nan ne 'ya'yansu za su samu abinci da maɓoya daga manyan kifaye.

Tarwaɗa da karfasa

Tarwaɗa kan zuba ƙwanta ne da daddare, a cikin ciyawar da sabon ruwa ya shanye.

Mace guda kan zuba dubban ƙwai masu danƙo da ke manne wa ganyaye, waɗanda kan ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Daga nan iyayen ba sa sake waiwayarsu.

Ita kuwa karfasa dabararta daban ce. Namiji ne ke haƙa ɗan rami a ƙasan ruwa, mace ta zuba ƙwai a ciki, bayan ya barbare su kuma sai ta kwashe su a bakinta.

Takan riƙe su mako ɗaya zuwa biyu, kusan ba ta cin abinci, har su ƙyanƙyashe su fara iyo.

Karfasa na iya haihuwa sau da dama a shekara, amma takan ja baya a lokacin hunturu, sa'ad da ruwa ya yi sanyi.

Gaiwa da bargi

Gaiwa, wadda ke iya shaƙar iska, kan shige cikin taɓo idan tafki ya ƙafe, ta lulluɓe kanta da majinar jikinta, ta kwanta har ruwa ya dawo.

Da faɗuwar damina sai ta fito ta hayayyafa, kuma namiji ne ke gadin ƙwan a cikin rami.

Shi ma bargi a lokacin cikar ruwa yake gina sheƙa mai zagaye a cikin ciyawa, wadda faɗinta kan kai kimanin mita ɗaya.

A bakin teku

A wasu sassan duniya kuwa, wata ne ke tsara lokacin haihuwar kifi.

A fadamun ruwan gishiri da ke gaɓar gabashin Amurka, akwai wani ɗan ƙaramin kifi da ake kira mummichog, wanda ke zuba ƙwai idan teku ta yi babbar tumbatsa, wato a lokacin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu.

Yakan ajiye ƙwan a jikin ciyawa ko cikin ɓawon wasu halittun ruwa, a iyakar inda ruwa ya kai.

Idan ruwan ya janye, ƙwan kan ci gaba da girma a cikin danshi, har tumbatsa ta gaba ta zo bayan kimanin mako biyu, sannan su ƙyanƙyashe.

A wurare biyun, kifin na jiran ruwa ne ya hau tudu kafin ya haihu.

Barazana

Wannan ne ya sa duk abin da ya hana ambaliyar damina yake rage yawan kifi.

Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, faɗin ƙasar da ruwa ke shanyewa a dausayin Haɗejiya da Nguru ya ragu, lamarin da ya shafi masunta da manoman yankin.

Haka nan kama kifi mai ƙwai a farkon damina, da amfani da koma mai ƙananan idanu, na hallaka kifin baɗi tun kafin ya girma.

Dokar kamun kifi a koguna da tafkuna da gwamnatin Najeriya ta kafa a 1992 ta haramta amfani da guba da nakiyoyi da wutar lantarki wajen su.

Tun kafin wannan doka ma, al'ada ta tanadi irin wannan kariya. A Argungu, inda aka fara bikin kamun kifi na zamani a 1934, ana hana su a Matan Fada har zuwa ranar biki.

Kiwon kifi

Tarwaɗa ba kasafai take zuba ƙwai da kanta a kududdufin kiwo ba, saboda babu sabon ruwan da zai motsa ta.

Don haka masu ƙyanƙyasa kan yi wa mace allurar wani sinadari, bayan kimanin sa'o'i 10 zuwa 12 su matse ƙwan, su gauraya da maniyyin namiji.

Wannan dabara ce ta sa ake samun 'ya'yan tarwaɗa na sayarwa ko da rani.

Sai dai masana na cewa kifin koguna da madatsun ruwa har yanzu ya dogara ne da damina, da kuma haƙurin masunta a watannin da yake haihuwa.