Malanville: abin da ake yi wa kan inji idan an faɗaɗa silinda

Daga Kwatano zuwa Malanville ya haura kilomita 700, kuma motocin da ke bin wannan hanya ta Parakou da Kandi har bakin gadar Gaya yawancinsu tsofaffi ne. Ƙurar hunturu da zafin bazara, wanda kan wuce digiri 40, su ke cinye bangon silinda. Inji ya fara hayaƙi da shan baƙin mai, sai makaniki ya ce a faɗaɗa ramin, a sa fistin mai girma. Da Faransanci aikin ake kira réalésage. Tambayar da ke biyo baya ita ce ta kan inji, wato culasse, wanda a Najeriya ake ce wa tof silinda: shin shi ma sai an taɓa shi?

Amsar ta dogara da yawan abin da aka ƙara. Fistin na gyara kan zo da ƙarin milimita 0.25, ko 0.50, wani lokaci har 1. A ɗauki injin 4A-FE na tsohuwar Toyota Corolla: faɗin silinda milimita 81, girman inji cc 1587, matsi 9.5. In aka ƙara 0.50, girman ya koma wajen 1607, matsin kuma 9.6. Wannan bai kai a sake wa kan inji fasali ba. A duba ko ya lanƙwashe, a wasa bawul, a tabbata bakin gaskit bai leƙo cikin rami ba, shi ke nan.

Inda ake yawan yin ɓarna shi ne wajen fiƙe fuskar kan. Injin da ya taɓa tafasa, kansa kan lanƙwashe, a kai shi a goge. Cire rabin milimita daga nan yana rage ɗakin ƙuna sosai, har matsin wancan injin ya doshi 10. Wato gugar kai ta fi faɗaɗa silinda tasiri nesa ba kusa ba, ga shi kuma sau da yawa tare ake yin su. Sai a zuba fetur na kwalba, kpayo, wanda ba kullum ingancinsa yake ɗaya ba, a ɗora kaya, a hau hanya da tsakar rana. Inji ya riƙa ƙwanƙwasa, ringi ya karye ko gaskit ya ƙone. Maganin ba tsada: a auna ɗakin ƙuna da sirinji da ɗan mai kafin a ɗaure, in ya ragu da yawa a nemo gaskit mai kauri.

Babur ne ke da ainihin aikin kai. Masu zemijan da ke son ƙarin ƙarfi kan cire silinda mai milimita 50 daga injin nan samfurin Honda mai cc 97, su sa mai 52.4, ya koma 107. Ƙarin kashi 10 cikin 100 ke nan, alhali kan na tsohon rami ne. Gefensa zai rataya a bisa sabon fistin. Dole a sassaƙe wannan gefe ya yi daidai da ramin, a kashe kaifinsa, domin kaifi yakan yi ja ya kunna mai kafin filogi. Sannan a manna ɗan yumɓu a kan fistin, a ɗaure, a juya inji da hannu, a kwance a ga tazarar da ta rage tsakaninsa da bawul.

Injin gazuwal kuwa ba ya yafe kuskure. Fistin ɗinsa yana ɗan leƙowa saman bulok, shi ya sa gaskit ɗin injuna irin 3L da 5L na Hilux da Hiace yake zuwa da kauri daban-daban, kowanne da alamarsa. Sabon fistin, sabon awo. Ba a kwaikwayon wanda aka cire.

Masu tsohuwar Peugeot 504 mai fetur su sun huta da wannan lissafi. Silindarta hannun riga ce, chemise, wadda ake zarewa a sa sabuwa tare da fistin ɗinta, faɗin ya zauna yadda yake.