Makwancin Yaro a Ƙasar Yauri

Makwancin yaro ma yana da tarihi. A wurinmu Hausawan Yelwa, jinjiri a jikin uwarsa yake barci, da rana a goye, da dare a shimfiɗa ɗaya, har ya kai kamar shekara 2. Ran yaye sai a kai shi ɗakin kaka don ya manta da nono. Idan namiji ne ya tasa, ya koma zaure cikin sa'o'insa.

Turawa kuwa sun bi wata hanya. A 1894 likita Emmett Holt na Amurka ya fitar da littafin reno wanda ya ce jariri ya kwana a gadonsa shi kaɗai. Wannan shawara sai gidan da ke da yalwar ɗakuna.

A 1968 ruwan Kainji ya tashi mutane fiye da 40,000, cikinsu har da Gungawa da Kambari, aka zaunar da su a gidajen siminti. Gini ya sake, amma uwa ba ta rabu da jinjirinta ba. A ganina, kafin mu 'yan boko mu kira wannan rashin wayewa, mu tambayi iyayenmu dalilinsa.